Tagar Rufi da Labule Mai Jin Magana: Abin Dubawa Kafin a Huda Rufi

  

A bara ne na raka wani yayana duba gidan da yake ginawa a Kaduna, bene mai hawa ɗaya, a fili ɗan tsukuku, katangar maƙwabta ta dama da ta hagu duk sun matso. Rana tsaka muka shiga, amma da muka zo gindin matakala sai da ya kunna fitilar wayarsa kafin mu ga inda za mu sa ƙafa. Muna tsaye a nan ɗansa ya miƙo mini tasa wayar, ya ce, "Baffa, kalli wannan." Hoton bidiyo ne na wani gida a Turai. Mai gidan yana zaune, ya yi magana da Turanci, sai ga taga a saman rufi ta buɗe da kanta, labule ya zame a hankali, haske ya cika ɗaki. Yaya ya kalla sau biyu, ya ɗaga kai ya dubi silin, ya ce, "To ai wannan nake so a nan." Na ce, "Yaya, a ba ni mako biyu in bincika tukuna." Abin da na tarar a wannan bincike shi na kawo muku yau, domin na san ba shi kaɗai ne ya ga irin wannan bidiyo ya yi sha'awa ba.

Mu fara da inda abin ya fito, don asalin abu shi ke nuna abin da aka yi shi dominsa. Tagar rufi irin ta zamani 'yar ƙasar Denmak ce. Wani injiniya mai suna Villum Kann Rasmussen ya kafa kamfaninsa a 1941, a 1942 kuma ya fito da tagar da ya kira VELUX, sunan da ya haɗa kalmar shigar iska da kalmar haske ta harshen Latin. Damuwarsa ita ce sararin da ke ƙarƙashin rufin gidajensu, wuri mai duhu da ake jibge tarkace, alhali mutane na neman wurin zama. A birnin Kofanhegan na Denmak, a watan Disamba, hasken rana kusan awa 7 ne kawai, ranar ma tana rakuɓe can ƙasa kusa da bakin sama, ba ta da ƙarfi. Mutumin da ke irin wannan wuri farautar rana yake yi. Duk inda zai kamo ta ya shigo da ita ɗaki, riba ce gare shi.

Mu kuwa fa? Kano tana kan daraja 12 ne arewa da tsakiyar duniya. Rana tana tare da mu awa 11 zuwa kusan 13 kowace rana, shekara ta zagayo, kuma sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da wajen ƙarshen Agusta, takan tsaya daidai tsakar kanmu har mutum ya taka inuwarsa. Kakanninmu sun san da haka. Ku dubi soro na da: bango mai kauri na tubali, rufin azara da ƙasa, taga 'yar mitsitsiya can sama kusa da rufi. Da tsakar ranar bazara ka shiga zaure irin wannan sai ka ji kamar an yayyafa maka ruwa. Ba rashin sani ya sa suka ƙanƙanta tagogi ba. Sun fahimci cewa a ƙasarmu inuwa ake nema.

Bari in kawo lissafi kaɗan, ba mai wuya ba ne. Idan gari ya yi garau, da tsakar rana, kowace murabba'in mita ɗaya, wato faɗin da bai kai tabarma ba, tana karɓar zafin rana na kimanin wat 1,000. Wannan shi ne ƙarfin dutsen guga na lantarki. Gilashi na gama-gari yana barin fiye da rabin wannan zafi ya wuce ciki. To ka ɗauka ka huda rufinka ka sa gilashi mai murabba'in mita 2, ba ka kare shi da komai ba. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya tana iya kwashe zafi na kimanin wat 2,600 ne. Ke nan wajen rabin aikinta ya tafi a kan abin da kai da kanka ka buɗe wa ƙofa. Ka biya kuɗin taga, kana kuma biyan kuɗin man janareta don kashe zafin da tagar ke kawowa.

Kada wani ya ji haka ya ce ai na hana. Ban hana ba, kuma ina ganin akwai wuraren da wannan taga take da amfani ƙwarai. Akwai matakalar bene irin ta yayana. Akwai dogon lungu na tsakiyar gida wanda ba ya kallon waje ta ko'ina, da banɗakin da aka cusa tsakanin ɗakuna biyu, da kicin ɗin da hayaƙi da tururi ke taruwa a samansa. Iska mai zafi sama take hawa, saboda haka idan aka buɗe mata hanya a ƙololuwar gida bayan magariba, aka bar tagogin ƙasa a buɗe, sai ta fice ta sama, mai sanyi ta shigo ta ƙasa, ba fanka ba wuta. Sannan ga wani abu da ya dace da zamanmu: tagar rufi tana kawo haske ba tare da mai wucewa a titi ya ga iyali ba. Sai dai a duba, idan maƙwabci yana da bene da ya fi naka tsawo, to gilashin ya zama mai dishi-dishi. Mutanen Jos da na tsaunin Mambila, inda sanyi ya fi yawa, lissafinsu ya fi sauƙi. 'Yan'uwanmu kuma da ke zaune a Ingila ko Jamus, masu mayar da ƙarƙashin rufi ɗakin yara, su dai kayan don irin garinsu aka ƙera.

Idan za a sa a nan gida, a sa ƙarama, a kuma zaɓi gefen rufin da ke kallon arewa, domin yawancin watannin rani rana ta kudu take karkata. A guji gefen yamma, ranar la'asar ba ta da tausayi. Gilashin ya zama rufi biyu, mai shafin da ke mayar da zafi, na cikin kuma ya zama irin na gaban mota, wanda ko ya fashe ba ya zubowa. Abu ne da zai rataya a saman kan 'ya'yanka, wannan ba wurin neman araha ba ne.

Yanzu batun labule, kuma a nan nake so a saurara da kyau, domin nan ne aka fi yin kuskure. Labulen da ke cikin ɗaki yana tare haske, amma ba ya hana zafi shiga yadda ake zato. Kafin rana ta iso gare shi ta riga ta ratsa gilashi, labulen ya ɗauki zafi, ya rinƙa sakinsa cikin ɗaki. Wanda ke hana zafi na gaskiya shi ne wanda ke waje, a bayan gilashi, yana tare rana tun kafin ta taɓa shi. Iri biyu ake yi. Akwai na raga mai ƙarfi, wanda ke rage zafi sosai amma ya bar haske ya shigo. Akwai kuma na alminiyom mai naɗewa, kamar ƙofar shago, wanda idan ya sauka ɗaki ya yi duhu, ƙarar ruwan sama ta ragu, ɓarawo ma ya sami abin da zai tsayar da shi. Idan kuɗinka na labule ɗaya ne, sayi na waje. Na ciki ado ne da hana haske lokacin barci, yana iya jira. Abin da ba zai jira ba shi ne ragar sauro. Taga ce da za a buɗe da dare a ƙasar zazzaɓin cizon sauro, kada a manta da wannan don ba a gani a bidiyo ba.

Sai ruwa. Rufi lafiyayye za ka huda, kuma duk wanda ya taɓa kwana yana jan katifa daga wannan kusurwa zuwa waccan a watan Agusta ya san abin da nake nufi. Yawancin tagogin rufi masu juyawa a tsakiya ana son rufin da gangarensa ya kai daraja 15 ko fiye. Idan rufinka shimfiɗaɗɗe ne, irin na kankare, to wani nau'in daban ake sa masa, wanda ke zaune a kan ɗan dakali don kada ruwan da ya kwanta ya kai bakinsa. Kowace taga kuma tana zuwa da nata farantan ƙarfe da ake kewaye ta da su, su ke karɓar ruwa su zuba shi a kan rufi, kuma kowane irin rufi da nasa: na tayil daban, na kwano daban. Idan mai sayarwa bai tambaye ka irin rufinka ba, shi ma bai san abin da yake sayarwa ba. Idan kuma kafinta ya ce a bar farantan, zai shafe gefen da kwalta da gam, to ka ce masa ya dakata. Gam yana tsagewa a rana, damina ɗaya ko biyu yoyo zai fara. Ka nemi wanda ya taɓa sa irinta, ka je da ƙafarka ka ga gidan, ka tambayi mai gidan yadda suka yi da daminar bara.

Mu zo kan injin da ke buɗe tagar. Ɗan ƙaramin inji ne a ɓoye a jikin katakon tagar, yana tura wata sarƙa da ke ɗaga gilashin kamar tsawon taƙi ɗaya. Labulen ma da nasa injin a cikin bututun da yake naɗewa. Wani kamfanin Faransa mai suna Somfy ya daɗe da shahara a kan irin waɗannan injinan labule. Hanyar ba su wuta biyu ce. Ko dai a ja musu waya daga wutar gida, ko kuma su zo da ɗan faifan sola da batir nasu. A ƙasar da ake ɗauke wuta ba sallama, ni na sola nake ba da shawara. Ku yi tunanin taga a buɗe, hadari ya haɗo daga gabas, an ɗauke wuta, ba a tayar da janareta ba, tagar kuma tana can inda hannu ba ya kaiwa. Mai batir ba ruwanta da wannan. Wanda ya ga lallai sai mai waya, to ya haɗa ta da layin inbata, ya kuma sa mata abin kariya daga wutar da ke dawowa da ƙarfi da kuma tsawa. Masu yin odar kaya daga waje su kula: wutarmu a Najeriya da Nijar ta kusan bolt 230 ce, irin ta Turai, ta Amurka kuwa 120 ce. Zangon rediyon da rimot ke magana da inji ma ya kan bambanta tsakanin kayan Turai da na Amurka, don haka kada a haɗa taga daga nan, rimot daga can.

Tagogin kirki suna da wani ɗan faifai a waje mai jin ɗigon ruwa. Da zarar yayyafi ya taɓa shi, taga ta rufe kanta ko ba kowa a gida. Abu ne mai kyau, kada a sayi wadda ba ta da shi. Amma ga abin da ba a rubuta a takardar talla ba: wannan faifai ruwa yake ji, ba ya jin ƙura. Iskar da ke riga ruwan farko zuwa, mai tayar da jar ƙasa da ledoji, za ta shigo ta gama abin da za ta yi kafin ɗigo ɗaya ya sauka. Haka hazon hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ƙurar nan tana kwanciya a kan gilashi, ta rufe faifan sola har batir ya daina cika, ta shiga hanyar da labule ke bi ta sa inji ya rinƙa nishi. Saboda haka tun kafin a sa, a tambayi kai: wa zai hau ya goge, kuma ta ina? Tagar da ke juyawa a tsakiya tana da daɗi a nan, domin ana iya juyo bayanta cikin ɗaki a goge.

To, mun iso kan maganar da ta ja hankalin yayana, wato umarni da baki. Na bar ta a ƙarshe da gangan, domin a cikin dukan abubuwan da za ka biya wa kuɗi, ita ce ta fi sauƙin ƙarawa daga baya, ita ce kuma ta fi saurin yanke maka. Manyan masu wannan aiki uku ne: Siri ta kamfanin Apple, wadda ta fito a 2011, da Alexa ta Amazon, a 2014, da mataimakin Google, a 2016. Idan ka ce a buɗe taga, ga tafiyar da maganarka ke yi a mafi yawan lokuta. 'Yar sifikar da ke kan tebur ta ɗauki muryarka, ta tura ta intanet zuwa manyan kwamfutocin kamfani a wata ƙasa, can a fassara abin da kake nufi, a dawo da umarni zuwa wani ɗan akwati da ke gidanka, shi kuma ya yi wa injin taga magana ta rediyo. Taga tana taku biyar daga inda kake, amma maganar sai ta ƙetare teku ta dawo. Data ta ƙare, ko sabis ya yi rauni, ko an ɗauke wutar da ke riƙe da akwatin intanet, sai ka yi ta magana ba mai amsawa.

Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan. A watan Afrilun 2022 wani kamfanin Amurka mai suna Insteon, mai yin kayan sarrafa gida, ya kashe kwamfutocinsa ba sanarwa. Mutane suka wayi gari manhajar wayarsu ba ta aiki. Waɗanda ke da makunni a bango suka ci gaba da kunna fitilunsu, sauran suka shiga neman mafita. Taga za ta yi shekara 20 ko fiye a rufinka. Manhaja da kamfanin da ke bayanta ba wanda ya ba ka wannan tabbaci. Don haka tambayar da za ka yi wa mai sayarwa, kafin ka tambayi farashi, ita ce: idan na cire intanet gaba ɗaya, da me zan buɗe ta, da me zan rufe? Amsar da ake so ita ce makunni a bango ko rimot mai magana da inji kai tsaye. Sannan ka duba ko kayan suna ɗauke da alamar Matter. Wata yarjejeniya ce da Apple da Google da Amazon da Samsung da wasu suka haɗu a kanta, ta fito a Oktoban 2022, don kayan kamfanoni daban-daban su fahimci juna a cikin gida, kuma labule masu inji suna cikin kayan da ta ƙunsa tun farko. Ba kowace taga ce ke da ita ba, don haka a karanta jikin kwali, a tabbatar da wane mataimaki kayan ke aiki, kafin a sayi sifika.

Ga kuma harshe. Alexa tana jin Turanci, tana jin Faransanci, abin da zai yi wa 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi amfani, kuma tun 2021 tana jin Larabcin ƙasashen Gulf. Ba ta jin Hausa. Wannan ya dame ni, domin waɗanda suka fi kowa buƙatar wannan fasaha su ne tsofaffinmu, da makafi, da wanda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar. Mahaifiyarmu tana fama da ciwon gwiwa, tashi daga kan darduma ma sai da dabara. Da jikanta ya nuna mata yadda ake yi wa sifika magana, ta saurara har ya gama, ta ce, "Kai ɗan nan, ni da ban yi boko ba, da wane bakin zan yi mata?" Da aka ba ta rimot mai maɓalli uku, sama da tsayawa da ƙasa, kafin la'asar ta iya. Ta ajiye shi kusa da carbinta. Wanda zai saya don iyayensa, ya fara gwadawa da su, da bakinsu da hannunsu, ba da nasa ba.

Abu biyu kuma game da sifikar kanta. Kunne ce a buɗe cikin ɗaki, tana jiran a kira sunanta, wani lokaci kuma takan yi zaton an kira ta alhali hira ake yi. A 2019 ta bayyana cewa ma'aikatan Amazon suna sauraren wani kaso na muryoyin da aka ɗauka don inganta aikin na'urar, an kuma sami irin haka a Google da Apple. Ni dai ba zan sa ta a ɗakin barci ba, kuma akwai maɓallin kashe kunnenta, a san inda yake. Na biyu, ba ta tantance mai gida da baƙo kamar yadda kare ke yi. Idan tana kusa da tagar da ke kallon waje, wanda ke tsaye a waje zai iya ba ta umarni. Labule ba komai, amma duk abin da ke buɗe hanyar shiga gida a sa masa lambar sirri, ko a hana buɗe shi da baki.

A gaskiya abin da na ga ya fi murya amfani shi ne agogo. Ana iya tsara wa labulen waje ya sauka da kansa da hantsi kafin rana ta yi zafi, ya tashi bayan la'asar, taga ta buɗe bayan isha'i ta rufe kafin asuba. Zafi ba ya jiran ka tuna, kuma da rana yawancinmu muna kasuwa ko ofis. Wasu kayan ma suna da na'urar auna zafi da gurɓatar iskar ɗaki, su buɗe su rufe gwargwadon abin da suka ji. Amma a lokacin hunturu a kashe wannan tsari na buɗewa da kai, saboda ƙurar da muka ambata.

Yayana dai taga ɗaya ya sa, ƙarama, a gefen arewa, daidai saman matakala. Mai sola ce, da labulen alminiyom a waje da ragar sauro a ciki, makunninta yana bango a gindin matakala inda yaro ma zai kai. Sifikar ya ce a bar ta sai gaba. Na koma gidan a tsakiyar damina, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya muna zaune a falo, na tashi na je na shafa silin kewayen tagar, a bushe yake. Ɗan nasa da ya kawo bidiyon shi aka ɗora wa goge gilashi da faifan sola duk ranar Asabar idan hunturu ya shigo.